Kududdufin Bayan Gidanmu

A bayan gidan da aka haife ni, cikin birni, akwai kududdufi. Mahaifinmu ya sha faɗa mana cewa daga ramin nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen unguwarmu har da masallaci, ruwan sama kuma ya zo ya zauna a gurbin ƙasar. Duk wata kwata ta unguwar can take gangarawa. Da damina yakan cika har ya taɓo gindin darbejiyoyin da ke jere ta gabas. Da rani sai ya ja baya, ya bar wani fili mai tauri inda samari ke buga ƙwallo, 'yan mata su yi gaɗa da yamma, dattawa su shimfiɗa tabarma a inuwa. Wani ɗan unguwarmu da ya je Ikko fatauci ya dawo ya ce shi bai ga abin da bakin teku ya fi wurin nan da shi ba sai hayaniya. Daga nan yara suka laƙaba wa wurin Bakin Teku, sunan kuma ya bi shi har yau.

A ruwan nan na koyi iyo tun ban isa ɗaura zani ba. Yayana ne ya koya mini. Yakan tallafe haɓata da tafin hannunsa ya ce in yi ta dukan ruwa da ƙafa, in na gaji ya goya ni zuwa gaɓa. Mu koma gida idanunmu jajur, Inna ta duba ta gane, ta zane mu duka biyu, washegari mu koma. A lokacin mutum na iya hango ƙafarsa a cikin ruwan. Akwai tarwaɗa da karfasa, akwai agwagin maƙwabta, balbelu kuma kan sauka ta yamma inda ciyawa ta yi duhu.

Na yi aure a unguwar Mandawari, na koyar a firamare har na yi ritaya. Bayan rasuwar maigidana na dawo gidanmu na gado, na zauna a ɗakin Inna, tare da autana da matarsa. Yaya kuwa ya yi arziki a cinikin atamfa, ya gina bene a can ƙarshen layi, tagoginsa na kallon ruwan. Abin da na tarar ya ɓata mini rai. Kududdufin ya tsuke, ruwan ya koma kore, ledoji sun rufe gaɓarsa. Masu babura na wanke injina a baki, baƙin mai na yawo a saman ruwa. Kowane gida ya mai da shi bola. Duk da haka, la'asar na yi wurin ke cika. Ba a fasa ƙwallo ba, masu fatsa ba su fasa ba, mai shayi da mai tsire sun kafa teburansu, mata kan leƙo ta bayan gida su sha iska. A unguwar da gida ke jingine da gida, lungu ke shiga lungu, ba mu da wani wurin miƙe ƙafa sai nan.

Fitinar ta fara ne ranar da jikan Yaya ya bi ƙwallo ya zame cikin laka. Masu fatsa ne suka jawo shi. Ya sha ruwan har ya ƙoshi, ya kwanta a asibiti da amai da gudawa, Allah ya tashi kafaɗarsa. Yaya ya rantse ba zai bar ramin nan ya ci masa jika ba. Ya tara maza a soronsa suka yi shawara. Mu mata ba a kira mu ba. Babban ɗansa ne ya kawo mini labari. Shi mai gyaran waya ne, magidanci da 'ya'yansa, kuma shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon unguwa. Ya shigo yana washe baki.

"Gwaggo, albishirinki. Baba zai cike kududdufi. Rabi a yi shaguna, rabi a yi mana fili, a shimfiɗa koriyar ciyawar roba, a sa fitilu. Wari ya ƙare, sauro ya ƙare."

Na ce, "Ruwan fa? Ina zai tafi?"

"Za a yi kwalbati."

"Kwalbatin ya kai shi ina?"

Ya sosa ƙeya ya ce injiniya ya san wannan.

Ni kuwa na riga na ga amsar da idona. 'Yata tana aure a wata unguwa can wajen Koki, su ma da kududdufinsu, aka cike shi aka jera shaguna, da kwalbati da komai. Daminar da ta biyo baya na je na tarar da ita tsaye a kan gado da jariri a hannu, kwanukanta na iyo a tsakar ɗaki. Katangar maƙwabcinsu ta faɗa kan awakinsa. Ni da ita muka wuni muna kwasar ruwa da bokiti muna zubarwa a waje, yana dawo mana ta ƙarƙashin ƙofa, don ba shi da wurin zuwa.

Na saka hijabina na tafi gidan Yaya. Na same shi a falonsa na sama. Na gaishe shi yadda ya kamata, na yi masa barka da tashin yaro, sannan na faɗa masa abin da na gani a gidan 'yata.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ke malamar firamare ce, ba injiniya ba. Dattawan unguwa sun yarda, samari sun yarda. Saura wa?"

"Saura matan da za su kwashe ruwan daga ɗaki. Ka tambaye su?"

"Jikana ya kusa mutuwa."

"Jikana ne ni ma, Yaya. Ba ruwan ne ya kwantar da shi ba, ƙazantar da muka zuba a ciki ce. A kwashe ƙazantar. Kai kana bene, in ruwa ya zo ta taga za ka kalle shi. Ni ɗakin Inna nake, ɗakin ƙasa, kuma ya fi kowane ɗaki kusa da gaɓa."

Ya ce in ruwa ya shigo in dawo gidansa da zama, ɗakuna sun yi masa yawa. Na ce na gode, ina da ɗaki. Muka rabu a haka.

Ba a jima ba, wata safiya, ina tsakar gida ina tsince zogale sai na ji ƙasa na girgiza. Matar autana ta leƙa ta dawo da gudu ta ce tifa ce, ta ma riga ta juye ɓaraguzai a bayan benen Yaya tun muna karyawa, ga shi ta sake dawowa da wani lodin. A duk unguwarmu lungu ɗaya ne ke da faɗin da tifa za ta iya ratsawa zuwa gaɓa, kuma ta ƙofar gidanmu ya wuce. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ɗauki farantin zogalena da kujerata 'yar tsugunno, na fita, na dasa kujerar a tsakiyar lungu, na zauna na ci gaba da tsinta.

Direban ya danna hon. Ban ɗago ba. Ya sake dannawa, ya daɗe a kai, sannan ya leƙo.

"Mama, a ba mu hanya mana."

"Ga hanya nan, ɗana. Bi ta kaina."

Ya sauko ya durƙusa, ya ce shi aiko shi aka yi, kada in jawo masa. Na ce na sani, ba da shi nake ba, ya kira wanda ya aiko shi. Zafin injin na dukan fuskata, amma hannuna bai bar zogalen ba.

Maƙwabciyata ta jikin katanga Babarbariya ce, kakanninta daga Barno suka zo karatu suka zauna. Tare muka taso, ba ranar da ba ma tsokanar juna. Ƙamshin turaren wutarta ya riga ta isowa. Ta tsaya ta dubi tifa, ta dube ni, ta koma ciki ta fito da tata kujerar.

Ta ce, "Matsa. In aka take ki, da wa zan riƙa faɗa?"

Kafin hantsi ya yi zafi lungun ya cika da tsofaffin mata. Wata ta zo da carbi, wata da saƙar hula, wata da jikanta a baya. Matan aure da ba su iya fitowa ba suka riƙa miƙo mana ruwa da kunu ta ƙofar soro. Samari suka taru a bayan tifa suna ihu, suna cewa mun hana su ci gaba. Wasu suka ɗaga wayoyi suna ɗaukarmu.

Sai ga Yaya, daga kasuwa aka kirawo shi. Mutane suka dare. Ya tsaya a kaina, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Tashi ki shiga gida. Kin kunyata ni a gaban unguwa."

"Ba zan tashi ba, Yaya."

"Ni kike gaya wa haka? A titi?"

"Na gaya maka a falonka ba ka ji ba."

Tun da muke ban taɓa musa masa a gaban mutane ba. Shi ya tsaya a madadin uba ranar aurena, shi ya riƙe 'ya'yana da maigidana ya rasu. Na ga jijiyar goshinsa ta tashi. Na ji tausayinsa, na ji kunya, amma na kama ƙafar kujerata da hannu biyu. Ya dubi matan da ke zaune, da yawansu ƙawayen Inna ne ko 'ya'yan ƙawayenta, babu wadda zai iya sa a ɗaga. Ya juya ya tafi. Da aka kira azahar direban ya ja tifarsa da baya, a hankali, har ya fice daga lungun da lodinsa.

Washegari tifar ta dawo, ta tarar da mu. Ta sake dawowa, ta tarar da mu, har mun fara raba kwana, wasu safe wasu yamma. Daga ƙarshe mai tifar ya ce ba zai ƙara aiko motarsa ta wuni a tsaye tana kallon tsofaffi ba. Yaya ya daina yi mini magana. In mun haɗu a gidan suna ko gaisuwar mutuwa, in gaishe shi ya amsa yana kallon wani wuri. Yaran unguwa suka sa mini suna uwar kwaɗi. In na fito sai in ji ana kukan kwaɗo a bayana.

Bidiyon da samari suka ɗauka don su tozarta mu ya yi yawo a waya har ya kai ga wata malamar jami'a mai nazarin muhalli. Ta zo da ɗalibanta, mace mai fara'a, sa'ar 'yata ta fari. Ta rungume ni ta ce abin da muka yi ya fi duk laccar da ta taɓa bayarwa. Ta yi mana bayani cewa kududdufan birni su ne ke riƙe ruwan damina, kuma an cike da yawansu, shi ya sa ambaliya ke ƙaruwa. Ɗalibanta suka ɗebi ruwan a kwalabe suka tafi da shi. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yau na sami mai ilimi a bayana.

Da ta dawo, ta zauna a kan tabarmata ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ni a zatona in an kwashe leda ruwan zai dawo yadda yake, yara su koma iyo. Ta ce ba leda ce babbar matsalar ba. Akwai gidajen da suka saki bututun bayan gida kai tsaye cikin kududdufin, kuma abin da aka gani a cikin kwalaben nan ya isa ya kashe yaro. Na san gaskiya ta faɗa.

Sannan ta ce, "Hajiya, mun sami masu taimakawa. Za a kewaye wurin gaba ɗaya da waya, a sa ƙofa da makulli. A dasa itatuwa a filin nan. Babu ƙwallo, babu fatsa, babu shayi, babu kowa, har sai ruwan ya farfaɗo."

"Har yaushe ke nan?"

"Shekaru. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Samarin fa? Ina za su?"

"Su ne masu ɓata wurin, Hajiya. Su ne kuma suka so a cike shi. Har yanzu suna yi miki kukan kwaɗo, na ji da kunnena."

Na ce, "Malama, ban zauna a gaban tifa don a kulle wurin nan ba. Na zauna ne don a bar mana shi. Yaran nan marasa kunya ne, amma 'ya'yanmu ne, kuma ba su da wani fili. In kika kore su daga nan, lungu za su koma su zauna, na kuwa san abin da ake koyo a lungu. Sannan ranar da kika kafa waya, ranar za a fara jefo shara ta samanta, tunda babu idon kowa a ciki. In shekara ta zagayo mutane su ce ga dajin sauro nan an kulle, ba ya amfanar kowa, a cike. Wannan karon ko ni ba zan sami mai zama kusa da ni ba."

Ta ce in aka bar mutane a ciki, duk abin da aka gyara za su ɓata. Na ce in ta zo da masu kafa waya za su same ni a lungu. Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. Ta tashi ranta a ɓace, na raka ta har bakin titi.

Ranar na koma gida ba ni da kowa sai Babarbariyata. Yaya na fushi, samari na fushi, ga malama ma ta tafi da nata. Na ga in ban kama samarin nan ba, aikin banza na yi. Da la'asar na fita filin suna tsakiyar atisaye. Ƙwallo ta gangaro wajena, na sunkuya na ɗauke ta na rungume a ƙarƙashin hijabi. Suka tsaya cirko-cirko. Ɗan Yaya ya taho da usur a wuya, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, don Allah. Kin hana mu sabon fili, tsohon ma za ki hana mu?"

"Ni na hana a kulle muku shi ɗazun nan. Ka tambayi matar autana, tana ji. Ku zauna, magana zan yi."

Suka zazzauna a ƙasa, suna ƙunƙuni. Na faɗa musu abin da malama ta zo da shi, na ce tana da masu goya mata baya, kuma za ta dawo. Na ce ni ba ni da fitila ba ni da ciyawar roba, abin da zan iya shi ne in tsaya kada a kore su. Amma sai sun biya da jikinsu. Filin da ruwa ke bari da rani nasu ne, su buga har ƙafarsu ta gaji. Daga darbejiyoyi zuwa ruwa ba mai zuba ko cokalin ƙasa. Ɓangaren yamma mai ciyawa a bar wa tsuntsaye. Babu wankin babur. Duk yaron da suka gani zai shiga ruwa su koro shi. Kuma duk Asabar kafin su taɓa ƙwallo sai sun kwashi shara.

Wani dogo daga baya ya ce, "Mu ne muka zuba da za mu kwashe? Daga gidajenku take fitowa, Hajiya."

Aka yi dariya. Na ce, "Ka yi gaskiya. Ku ji da wadda ke ciki, ni zan ji da wadda ke fitowa."

Ɗan Yaya ya ce Baba ba zai ji daɗi ba. Na ce ban ce ya saɓa wa ubansa ba, ubansa bai hana shi shara ba. Ya miƙo hannu biyu na ba shi ƙwallon.

Malama ta dawo kamar yadda na ce, amma ba da wayar shinge ba. Ta zo da manjagara da shebur da baro da safar hannu, da 'ya'yan itatuwan da za a dasa a gaɓar yamma. Ta ce har yanzu tana ganin nata ya fi, amma za ta gwada nawa ta gani. Ita ta riƙa bin gidajen masu bututu tare da liman, gida gida. Wasu suka toshe suka haƙa masai, wasu suka yi alkawari, wasu suka ce ba sa gida. Ranar Asabar ta farko abin da aka fitar daga gaɓa kaɗai ya yi tudu, har da katifa da gangar jikin firiji.

Nawa alkawarin ya fi wuya. Matan da suka zauna tare da ni a gaban tifa su ne dai masu aiko da shara gaɓa, don wurin zubar da shara na hukuma yana can bakin titi, da nisa. Na bi su na roƙa, kowa ta ce to. Wata safiya, bayan samari sun wuni suna kwasa, na fito na tarar da sabon tuli a gindin darbejiya. Na tona da sanda. Ga tokar kasko, ga guntayen itacen turare, ga ƙamshi yana tashi ta cikin wari. Duk unguwar gida ɗaya ke irin wannan turaren. Na kwashe tsaf a bokiti, na ɗauka da kaina, na yi sallama a gidan Babarbariya, na juye mata a tsakar gida.

Ta fito tana salati. "Ke! Haukan ya kai nan? Ni da na ba da raina a gaban mota saboda ke?"

"Ajiyarki na kawo miki, kin manta ta a Bakin Teku."

"Ba ni na zuba ba, yara ne."

"Yaran sun san hanya, sai su kai titi."

Ta kira ni butulu, ta haɗa da wasu kalmomin Barbarci da ban nemi fassararsu ba. Muka yi gaba har Juma'a ta wuce. Daga baya ta aiko mini da ƙosai ba tare da saƙo ba, na mayar mata da kwanon da zogale. Amma labarin ya zaga. Mata suka ce wadda ta yi wa aminiyarta haka ba za ta bar kowa ba. Aka haɗa kai aka sami mai baro yana bi gida gida da safe. Ba a daina zubawa gaba ɗaya ba, har yau nakan mayar wa mutane kayansu, amma an rage.

Da damina ta zo aka yi wani ruwa tun daga hantsi har la'asar bai tsagaita ba. Kududdufin ya cika, ya haɗiye filin ƙwallo, ya wuce darbejiyoyi, ya shigo tsakar gidanmu har dokin ƙofar ɗakina, ya jiƙa mini tabarmi da buhun gero. Gidajen da ke gaɓa duk sun sha ruwa, sai dai ba katangar da ta faɗi, kuma kafin gari ya waye ruwan ya koma. Na zaci wannan zai raba gardama, bai raba ba. Masu goya mini baya suka ce ba don ramin ba da jirgi za a shigo da shi unguwa. Mutanen Yaya suka ce da an cike an yi kwalbati da ko tsakar gida bai shiga ba. Kowa ya tsaya a kan bakansa.

A daminar nan zazzaɓi ya kama yara da yawa. Wata matar aure daga lungun baya ta shigo mini ba sallama, 'yarta a kafaɗa jiki kamar wuta, ta ce saurona ne, ruwana ne, in yarinyar ta mutu ni na kashe ta. Na miƙe. Na sa hijabi na tare mana adaidaita sahu muka tafi asibiti, na zauna da ita har aka gama ƙarin ruwa. A hanyar dawowa ta tambaye ni ko yanzu zan bari a cike. Na ce a'a. Na ce unguwar 'yata ba kududdufi, kuma sauronsu ya fi namu ƙiba, a kwata yake haihuwa. Ba ta gamsu ba. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Akwai abin da na rasa. Ɓaraguzan da tifa ta riga ta juye a bayan benen Yaya ba a kwashe su ba. Da rani ya yi, ya sa magina suka ja katanga a kansu ya yi garejin mota. Ta cikin gidansa aka shigar da bulo, ba ta lungu ba, ba inda zan zauna in tare. Wannan kusurwar ta tafi ke nan. Ruwan ma bai dawo garau ba, wataƙila ba zai dawo ba a rayuwata. Ni da na fi kowa son iyo, ni ce yanzu ke yawo da tsumagiya ina korar yara daga gaɓa. Amma warin ya ragu, itatuwan malama sun kama, masu fatsa sun ce kifi ya ƙaru, ana buga ƙwallo duk yamma a kan ƙasar Allah. Mai shayi ya ajiye kwandon shara kusa da teburinsa ba tare da na yi masa magana ba.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce na shirya tuwo da miyar taushe na kai wa Yaya da kaina, kamar yadda nake yi kowace shekara ko yana amsawa ko ba ya amsawa. Na same shi shi kaɗai a falo, ƙafarsa a kan matashi, ciwon gwiwa ya taso masa. Na gaishe shi na ajiye kwano zan fita, sai ya ce in zauna. Ya buɗe kwanon ya ci loma biyu uku, ya ce gishirin ya yi daidai.

Can ya ce, "Kin san dai wahalar banza kike yi. Filin nan tsakiyar birni yake. Ba ni kaɗai na gan shi ba. Ranar da muka mutu, ni da ke, cike shi za a yi."

Na ce, "To su jira mu mutu. Ni dai lafiyata ƙalau, kai ne mai gwiwa."

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya yi wata 'yar dariya ta hanci da bai so ta fito ba. Ya ce tun ina yarinya ba na jin magana. Na ce haka ne. Ya tura mini kwanon ya ce in sa hannu, ba zai iya cinyewa shi kaɗai ba. Na wanke hannu muka ci, muka yi hirar jikoki da tsadar atamfa har aka kira la'asar, na tattara kwanukana na sauko.